Damina Uku Babu Abuna

Damina uku ke nan hanyar Kadugli a rufe,
babur ɗin Abuna bai ƙara hawo dutsenmu ba.
Ni ke dukan tsohon ƙarfen taya ranar Lahadi,
ni ke buɗe Littafi, in karanta, in rufe.
Iyakata ke nan.
Takardar bishop na cikin akwatin gwangwani,
da hatimi shuɗi, da sa hannu kamar ƙugiya:
wanda ba a ɗora wa hannu ba
kada ya karya gurasa, kada ya ɗaga ƙoƙo.

Sai Kalo makeri ya kwanta.
Ƙirjin da ya sha hayaƙin gawayi shekara hamsin
ya koma kukan zugazugi mai huda.
Ya aiko jikansa da almuru:
a gaya wa Tiya ina jin yunwar teburin Ubangiji,
kuma ba zan kai kaka ba.

Na kwana da fitilar aci-bal-bal ina juya shafi.
Na bi daren jibin nan layi-layi da yatsa,
na ga gurasa, na ga ƙoƙo, na ga masunta a zaune,
ban ga hatimi ba,
ban ga inda aka tambayi kowa takardarsa ba.
Da asuba zuciyata ta yi tauri kamar kan maƙera.

Na tarar da Toto tana shara a bakin coci,
ita da ta girmi rufin, ta girmi bagaden.
Na ce, Iya, Littafi bai hana ba.
Ta jingina tsintsiya, ta dube ni tun daga ƙafa.
Ta ce, Littafin nan daga sama ya faɗo hannunka?
A kan jaki ya zo, cikin buhun gishiri,
wani ya ba wani, wani ya ba Abuna na fari,
shi ya riƙe yatsanka a kan alif.
Yau ka ƙoshi da ruwa, kana harbin tulu.
In kowa ya karanta ya yanka wa kansa,
gobe coci goma ne a dutsen nan,
kowace da mutum ɗaya da gaskiyarsa.

Na ce, to, Kalo fa?
Ta ɗauki tsintsiyarta.

Da rana ta karkata na shiga ɗakinsa.
Ban sa farar riga ba, ba ni da ita.
A bakin ƙofa na ga faifai a rufe:
kisra uku, da ɗuminsu,
da ƙwaryar karkade ja wur.
Na san gefen kisrar nan, na san mai ƙona shi haka.

Ban faɗi kalmomin Abuna ba,
harshena ya ƙi ɗaukarsu.
Na karanta abin da ke rubuce,
na yi godiya irin ta kowane magidanci a kan tuwo,
na gutsura, na jiƙa, na sa masa a baki.
Ya daɗe yana taunawa da dasashi.
Ya ce, gishirin ya yi yawa.
Muka yi dariya har tari ya ƙwace ta.

Mun binne shi ranar Talata, gabas da tsamiya.
Toto ce ta ɗaga waƙa, ba ta dube ni ba.

Na rubuta wa bishop duk abin da na yi,
ban rage ba, ban yi wa kaina ado ba.
Na ba wani mai fataucin albasa ya kai.
Wata biyar ke nan.
Ko tana hanya, ko ta jiƙe a rafi,
ko an karanta ana neman abin da za a ce mini.

Ranar Lahadi ina dukan ƙarfen taya.
Takardar na nan cikin akwati, ban yaga ba.
Littafin na bisa akwatin.
Wani lokaci in zan share ƙura
sai in rasa wanda zan fara ɗagawa.